Tarihi a Cikin Waƙa: Baiwar Ƙarfe Mai Lamba 57821

 

Yau Amurka za mu leƙa, mu duba wani kundin waƙoƙi mai suna The ArchAndroid, wanda ya fito ranar 18 ga Mayun 2010. Mai shi ita ce Janelle Monáe, a lokacin shekarunta 24, tauraruwarta ta fara haskawa ke nan. Da yawanmu a fim muka fara ganinta, musamman Hidden Figures na 2016, inda ta fito a matsayin Mary Jackson, baƙar mace ta farko da ta zama injiniya a hukumar NASA. Sai daga baya mutum ya bi sawu ya tarar ashe mawaƙiya ce tun asali, kuma tana da wani aiki da ya kamata marubuci ya zauna ya saurara kamar yadda yake karanta littafi.

Waƙoƙi 18 ne a kundin, tsawonsu ya haura awa ɗaya, kuma duk labari ɗaya suke ɗauke da shi: labarin wata mutum-mutumi da ke rayuwa a shekarar 2719. Wanda ya ji haka zai iya ɗauka tatsuniyar yara ce. Abin da muke so mu nuna shi ne kusan komai na wannan labari na gaba daga tarihin baya aka ɗebo shi, tarihin bauta da wariyar launin fata a Amurka. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, don haka za mu koma shekara 90 kafin fitowar kundin.

Abubuwa uku na 1920

Na farko a ƙasar Cekoslobakiya ya faru. Marubuci Karel Čapek ya wallafa wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., aka fara nuna shi a dandali a farkon 1921. A nan duniya ta fara jin kalmar "robot". Ɗan uwansa Josef, mai zane, shi ya kawo shawarar kalmar daga "robota" ta harshensu, wadda ke nufin aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa ba tare da lada ba, kusan irin abin da kakanninmu suka kira ɗiban gwamna. A cikin wasan, wani kamfani ne ke ƙera ma'aikata masu kama da mutane yana sayarwa. Ba albashi, ba hutu. Daga baya suka yi tawaye suka hallaka mutane. A ƙarshe biyu daga cikinsu suka kamu da son juna, kowanne ya ce a kashe shi a bar ɗayan, sai mutum ɗaya da ya rage a duniya ya yarda cewa waɗannan sun zama mutane. Ke nan tun ranar da aka raɗa wa mutum-mutumi suna, sunan bawa aka raɗa masa.

Na biyu a Amurka ne. W.E.B. Du Bois, masanin nan baƙar fata da ya ƙare rayuwarsa a Accra ta Gana a 1963, ya fitar da littafin Darkwater. A ciki akwai gajeren labari mai suna The Comet, ma'ana tauraruwa mai wutsiya. Wani masinja baƙar fata mai suna Jim, ma'aikacin banki a Niyok, aka tura shi can ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiya. Yana ciki gubar tauraruwar ta kashe mutanen birnin. Da ya fito sai ya tarar da mace ɗaya a raye, Baturiya 'yar masu kuɗi. Na ɗan lokaci, da suka zaci su kaɗai suka rage, launin fata ya daina aiki a tsakaninsu. Da mutanen wajen gari suka iso kuwa, nan take aka koma gidan jiya, har wasu na neman a kashe shi don an gan shi tare da ita.

Na uku shi ma a Niyok ne. A watan Agusta, Mamie Smith ta rera Crazy Blues wa kamfanin Okeh. Faifan ya yi kasuwa sosai a hannun baƙaƙen fata, sai kamfanoni suka farga akwai kuɗi a nan. Maimakon su haɗa kowa a rumfa ɗaya, sai suka ware wa mawaƙa baƙaƙe tasu rumfar, suka kira ta faifan launin fata. Mujallar Billboard ta ci gaba da amfani da wannan suna har 1949, lokacin da aka maye gurbinsa da abin da a yau ake taƙaitawa R&B. Suna ya canza, rumfar tana nan.

Mu riƙe waɗannan uku: bawan da aka ƙera, kusancin da al'umma ta haramta, da rumfar da aka ware wa mawaƙi baƙi. Duk za mu sake haɗuwa da su a 2010.

Birnin sama da birnin ƙasa

A watan Janairun 1927 aka fara nuna fim ɗin Metropolis a Balin ta Jamus. Fritz Lang ne ya ba da umarni, matarsa Thea von Harbou ta rubuta labarin. Fim ne marar magana. Masu kuɗi suna zaune a dogayen benaye, ma'aikata suna ƙarƙashin ƙasa suna juya injinan da ke riƙe da birnin. Wata budurwa mai suna Maria tana yi wa ma'aikata wa'azin haƙuri, tana cewa mai shiga tsakani zai zo ya haɗa masu tunani da masu aikin hannu. Sai wani masanin kimiyya ya ƙera mutum-mutumi mai kamar Maria sak, aka tura ta ta zuga ma'aikata su rusa komai. A wannan fim mutum-mutumin ita ce muguwa, kuma ƙone ta aka yi a ƙarshe.

An daddatse fim ɗin jim kaɗan bayan fitowarsa, wani ɓangare ya ɓata shekara da shekaru. Sai a 2008 aka tsinci kwafi kusan cikakke a wani gidan adana finafinai a Buenos Aires ta Ajantina. Aka gyara, aka mayar da kimanin minti 25, aka nuna shi a Balin a Fabrairun 2010, wata uku kafin kundin Monáe ya fito. Duk wanda ya dubi bangon kundin zai ga alaƙar: Monáe ce sanye da kambi a ka, kambin kuwa birni ne mai dogayen benaye. Ta ari sunan birnin da tsarinsa, amma ta juya labarin. A nata, mutum-mutumin ce ake zalunta, kuma ita ce mai shiga tsakanin da ake jira.

Waɗanda suka share mata hanya

Monáe ba ita ta fara kai kiɗan baƙar fata sararin samaniya ba. Akwai Sun Ra, makaɗin jaz da aka haifa a Birmingham ta jihar Alabama a 1914, inda wariya ta fi tsanani. Ya yar da sunansa na yanka, Herman Blount, ya ce shi daga duniyar Zuhal mai zobe ya zo. A fim ɗinsa na 1974, Space Is the Place, ya sauka da kumbo a birnin Oakland don ya kwashe baƙaƙen fata zuwa wata duniya. Sai George Clinton da ƙungiyarsa Parliament, waɗanda suka fitar da Mothership Connection a 1975, suna sauko da kumbo a kan dandali lokacin wasa. A ɓangaren rubutu akwai Octavia Butler, wadda a littafinta Kindred na 1979 wata baƙar mace ta zamani ke tsintar kanta a gonar bayi ta ƙarni na 19.

A farkon shekarun 1990 marubuci Mark Dery ya tattauna da Samuel Delany da Greg Tate da Tricia Rose a wata maƙala mai suna Black to the Future, ya raɗa wa wannan salo sunan da za mu iya fassarawa da hasashen gobe ta idon baƙar fata. Hujjar masu wannan tunani tana da ƙarfi. Mutanen da wasu baƙi suka zo da manyan jirage suka sace, aka kai su wata duniya da ba su sani ba, aka raba su da harshe da suna, aka yi musu lamba da wuta a jiki, ai sun riga sun rayu a cikin abin da wasu ke kira almarar kimiyya. Sannan ga tambaya ta biyu: a finafinan da ke nuna duniyar gobe, me ya sa da wuya a ga baƙin mutum? Wanda ba a hango shi a gobe ba, tun yau an fara share shi.

Yarinyar Quindaro

An haifi Janelle Monáe Robinson ranar 1 ga Disambar 1985 a Kansas City ta jihar Kansas, ta tashi a unguwar Quindaro. Wannan unguwa tana da nata tarihin. An kafa garin Quindaro a 1856 a bakin kogin Missouri, kuma bayin da suka tsere daga jihar Missouri, inda bauta ke halal a doka, ta nan suke tsallakowa su ɓuya kafin su wuce gaba. A ƙasar gudajjun bayi ta girma.

Mahaifiyarta mai shara da goge-goge ce, mahaifinta direban motar kwashe shara, mijin mahaifiyarta kuma ma'aikacin gidan waya. Shi ya sa shekaru da dama ba a ganinta sai cikin baƙar kwat da farar riga. Ta sha faɗa cewa wannan shi ne kakinta na aiki, don girmama iyayen da suka sa kaki suka ciyar da ita.

Ta tafi Niyok karatun wasan kwaikwayo da waƙa, ba ta ƙarasa ba ta koma Atlanta. Can ta yi aiki a shagon kayan ofis, tana sayar da faifanta da hannu ga ɗalibai. Can kuma ta haɗu da Nate Wonder da Chuck Lightning, suka kafa ƙungiyar Wondaland Arts Society. Big Boi na ƙungiyar OutKast ya ji muryarta ya sa ta a faifan Idlewild na 2006. A 2007 ta fitar da ƙaramin kundi, Metropolis: Suite I, wanda shi ne babin farko na labarin. Kamfanin Bad Boy na Sean Combs ya ɗauke ta, aka sake fitar da shi a 2008. The ArchAndroid shi ne babi na biyu da na uku.

Laifin Cindi Mayweather

Jarumar labarin sunanta Cindi Mayweather, mutum-mutumi mai lamba 57821. Laifinta ɗaya: ta kamu da son ɗan Adam mai suna Anthony Greendown. Dokar birnin Metropolis ta ce hukuncin wannan shi ne a kwance ta gunduwa-gunduwa. Babin farko da sanarwa yake buɗewa, wata murya cikin fara'a tana gayyatar mafarauta su bazama nemanta, akwai lada.

Ba a ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin wannan ba. A 1850 majalisar Amurka ta yi dokar kamo gudajjun bayi, wadda ta tilasta wa har jihohin da ba a bauta su miƙa duk wanda ya tsere. Jami'in da ke yanke hukunci dala 10 ake biyansa idan ya mayar da mutum ga mai da'awar mallakarsa, dala 5 idan ya sake shi. Akwai mutanen da farautar bayi ita ce sana'arsu. Haramcin soyayya kuwa ya daɗe fiye da bautar kanta. An soke bauta a 1865, amma sai ranar 12 ga Yunin 1967 Kotun Ƙoli ta rushe dokokin hana aure tsakanin baƙi da fari, a shari'ar Richard da Mildred Loving da jihar Virginia. A lokacin jihohi 16 na da irin wannan doka. Shekara 18 kacal ke nan kafin a haifi Monáe.

A bidiyon waƙar Many Moons ma gwanjo ake yi. Mutum-mutumi mata suna tafiya ɗaya bayan ɗaya a kan dandali, masu kuɗi suna taya su, Cindi kuma tana rera waƙa tana nishaɗantar da masu saye. Kasuwar bayi ce aka sa mata fitilu.

A The ArchAndroid labarin ya faɗaɗa. Cindi ta tashi daga mai gudun ceton rai ta zama wadda 'yan uwanta ke sa ran za ta 'yanta su daga wata ƙungiyar asiri mai danne 'yanci da soyayya. Ita kanta Monáe an shigar da ita cikin labarin a matsayin majinyaciya a wani gidan mahaukata mai suna Palace of the Dogs, inda aka hana rawa. A nan aka shirya bidiyon Tightrope. Ta bayyana a hirarraki cewa mutum-mutumi a wurinta yana wakiltar duk wanda al'umma ta ɗauka bare ne. Dabarar a fili take: mai sauraron da zai toshe kunne idan aka ce za a yi maganar wariya, zai iya tausaya wa 'yar ƙarfe, kafin ya ankara ya gane wa ake nufi.

Me ya sa kiɗan ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Abin da ya fi ba mai sauraro mamaki a karon farko shi ne yadda salo ke canzawa. Kundin da goge da ƙahonin Turawa yake buɗewa, kamar za a fara tsohon fim. Daga nan sai Dance or Die tare da mawaƙin baka Saul Williams, wadda kunnen da ya saba da Fela zai ji ƙamshin gida a gangunanta. Tightrope, tare da Big Boi, fonk ne irin na James Brown. Cold War gudu take kamar an biyo mutum, bidiyonta kuwa fuskar Monáe ce kawai daga farko har ƙarshe, har hawaye ya zubo mata aka bar shi a haka. Come Alive rok ne mai ihu. Waƙar 57821 a hankali take tafe kamar tsohuwar waƙar ƙauyen Ingila. Say You'll Go da fiyanon Clair de Lune na Debussy, Bafaranshe, take ƙarewa. Ta ƙarshe, BabopbyeYa, ta kusa minti tara.

Wani zai ce nuna gwaninta ne. Mu dai muna ganin amsa ce ga rumfar nan ta 1920. Shekara da shekaru kasuwa ta raba: wannan kiɗan baƙi ne, wannan na farare. Alhali rok ɗin da aka miƙa wa farare, su Sister Rosetta Tharpe da Chuck Berry da Little Richard na cikin waɗanda suka gina shi. Hound Dog da aka san Elvis Presley da ita a 1956, Big Mama Thornton ce ta fara rera ta a 1952. Don haka baƙar mace da ta yi rok kayan gidansu ta ɗauko. Cindi ta ƙi zama a matsayin da aka ƙera ta dominsa, kiɗan ma ya ƙi zama a rumfar da aka ware masa. Labarin da sautin magana ɗaya suke yi.

Yadda aka karɓe shi

A kasuwa kundin bai yi tashin gwauron zabi ba. Ya shiga jadawalin Billboard a mataki na 17, da kwafi kimanin 21,000 a makon farko. Manazarta kuwa sun yaba ƙwarai, jaridar Guardian ta Ingila ta zaɓe shi kundin da ya fi kowanne a 2010. Amma da aka zo kyautar Grammy, a rukunin R&B aka sa shi takara, duk da rok da jaz da gogen da ke ciki. Rumfar ta sake kama shi. Sai a 2020 masu Grammy suka cire kalmar "urban" daga sunan wani rukuninsu, bayan mawaƙa baƙaƙe sun daɗe suna ƙorafin cewa sabon suna ne na tsohuwar wariya.

Monáe ta ci gaba da labarin a The Electric Lady na 2013, babi na huɗu da na biyar, inda har Prince ya yi waƙa tare da ita. A 2018, shekarar da fim ɗin Black Panther ya kai wannan salo kowane gida, ta fitar da Dirty Computer. A 2022 ta wallafa littafin gajerun labarai, The Memory Librarian. Kundinta na 2023 akwai Seun Kuti da ƙungiyar Egypt 80 a ciki. Mu faɗa a sarari cewa wasu ayyukanta na baya-bayan nan, musamman bidiyoyinsu, sun yi nisa da tarbiyyarmu. Wanda muke magana a kai shi ne na 2010, kuma darasin rubutu muke nema a ciki.

Abin da ya shafe mu

Mu ma muna da gado a wannan fage. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Sunan littafin ma ɗaya ne da na labarin Du Bois. Fiye da shekara 50 ke nan, kuma waɗanda suka bi wannan sawu da Hausa ba su da yawa.

Muna kuma da tamu rumfar. Tun shekarun 1990 ake kiran rubutunmu adabin kasuwar Kano ko littattafan soyayya, sau da yawa da nufin raini. To labarin Cindi ma soyayya ce tsagwaronta: mace ta so wanda aka hana ta. Amma an ɗora mata dokar 1850 da shari'ar 1967 da fim ɗin 1927, ta ɗauka ba ta karye ba. Bambancin shi ne marubutan sun yi karatu kafin su yi mafarki. Wanda zai rubuta Kano ko Damagaram ta shekarar 2300, sai ya san wa ya gina ganuwa, wa aka saya a kasuwa, wa aka hana aure saboda asali. In bai sani ba, motoci masu tashi kawai zai ba mu.

Ga wanda zai saurara, shawararmu ita ce ya fara da ƙaramin kundin 2007, sannan ya bi The ArchAndroid a jere daga waƙa ta 1 zuwa ta 18 ba tare da tsallake ba, domin waƙoƙin farko a ɗinke suke da juna. Ya ajiye biro da takarda kusa, ya rubuta duk inda ya ji tarihi ya leƙo ta bayan almara.